Sandar Awon Baba

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya Bashir, ka yi mini gafara. Wannan kayenka ne, littafin rubutunka mai baƙin bango, na tsince shi a bayan buhun gero inda ya faɗa ranar da aka birkice ɗakinka. Ban tambaye ka ba saboda babu hanyar tambaya. Na san ba ni da hurumin rubutu a cikinsa, ni da ko a aji sai Mushe, malaminmu, ya kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Amma daga baya na fara, ban taɓa shafukanka ba, kuma da fensir nake yi.

Yau kwana goma sha ɗaya da aka kama ka.

Maganar injinka ce. Teburin yankan ƙarfe da ka haɗa wa Baba a zauren baya, wanda kwamfuta ke jan bakin wutarsa yana yanka fallen ƙarfe yadda aka zana. Tun da suka tafi da kwamfutarka bai motsa ba. Jiya Baffa Tanimu ya zo da Alhaji Lawan, ɗan Kanon nan mai sayen tsofaffin injuna a kasuwar Dole. Alhaji ya zagaye shi, ya ƙwanƙwasa ƙafarsa, ya ce motocin lantarkin nan uku masu jan bakin wutar da injin iska kawai yake so, sauran a daddatsa. Motarsa ta ɗaukar kaya za ta dawo ranar Alhamis, 30 ga wata.

Baba bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A fitar mini da shi. Na ga abin da ya jawo."

Baffa ya ce, "Ka yi daidai, Yaya Habu. Ba kwamfutar, ba mai ita. Tarin ƙarfe ne kawai."

Ni ina tsaye da farantin shayi. Na ajiye shi na fita.

Talata, 7 ga Oktoba, kafin magariba

Ya Falmata ta zo daga Hamdara. Ka tuna ta, shugabar matan da ke ɓarar gyaɗa suna matse mai. Rariyar injin ɓarar da Baba ya ƙera musu shekara takwas da suka wuce ta tsage, ga gyaɗa ta fara shigowa gida.

Ta tare Baba a soro. "Malam Habu, mu arba'in ne ke jiran rariyar nan. So kake mu koma ɓara da haƙori?"

"Ba na aiki yanzu, Falmata."

"Na ji. Allah ya kawo sauƙi. Amma gyaɗa ba ta ji ba."

Bai yi dariya ba. Ya sa takalmi ya fita, kamar kullum, wajen mutanen da ake cewa ya je ya gani kan maganarka.

Ta shigo wajen Inna tana shan ruwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ya Falmata, zan gwada da injin Yaya."

Ta ajiye kofin. "Rabi, wannan ba ita ce 'yar taki da sai an kasa kunne ake jin gaisuwarta ba?"

Inna ta ce, "Ita ce."

"To gwada, 'yata. Mai ƙaramar murya ma tana da hannu biyu."

Baffa ya ji labari da yamma. Ya yi dariya har da tari, ya ce idan na tayar da shi, na yanka rariyar da ta zauna a injin Hamdara, shi da kansa zai ba Alhaji Lawan haƙuri. Inna ta ce ta ji, kuma za ta riƙe. Baba da aka gaya masa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Na karanta shafukanka. Ka ƙara yi mini gafara. A shafi na ashirin da biyu ka rubuta da jan bik: "Idan kwamfutata ta mutu." Ba ta mutu ba, Yaya, amma na ɗauka da ni kake.

Na tuna ranar da ka yi mini bayanin kwantena kana cin ƙuli-ƙuli. Ka ce kamar akwatin kayan aikin Baba ne, guduma da zarto da magagari duk a ciki, duk garin da ka buɗe shi aiki kawai za ka kama. Ka ce ka kulle shirin da ke tuƙa injin a cikinsa, da zanen duk abin da Baba ke ƙerawa, ka ajiye a gajimare. Na tambaye ka wane gajimare, ka ce kwamfutocin wasu mutane ne a wata ƙasa mai sanyi. A ranar kai kawai nake gyaɗawa. Da na sani da na saurara.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi, lokacin hutu

Na yi minti goma a ƙofar ɗakin Madam Husaina, malamarmu ta kwamfuta, kafin na ƙwanƙwasa. Na nuna mata shafin. Ta karanta sau biyu. Ta buɗe kabad ta ciro wata tsohuwar kwamfuta tata mai tsagaggen murfi, ta ce, "Docker, shirin da ke buɗe kwantena, yana ciki, na yi wasa da shi bara. Ki zauna nan bayan an tashi, ki sauke kwantenar da layin intanet na lekol, wato makarantar nan. Ban tambaye ki komai ba, Rahina, kuma kada ki faɗa mini."

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Kwantenar hawa bakwai ce, ana saukewa hawa hawa. Na ga biyar sun cika. Ana cikin na shida aka ɗauke wuta.

Asabar, 11 ga Oktoba, da azahar

Na zaci daga farko zan sake. Ashe wanda ya sauka ya sauka, daga na shida ta ci gaba. Da na bakwai ya cika na tashi tsaye ni kaɗai a aji, na sake zama, na sake tashi. Madam ta leƙo ta ce lafiya? Na ce ta sauka, Madam. Ta ce to ki yi murmushi mana, ba laifi ba ne.

Na kawo kwamfutar gida a cikin jakata, tsakanin kayen lissafi da na tarihi. Na wuce Baba a soro. Na gaishe shi. Ya dubi jakar.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Inna ta tafi da kwanon abincinka da safe, can inda ake tsare da kai, ta dawo da shi babu komai. Ta ce ka ci. Baba bai raka ta ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwantena ta tashi a kan baƙin allo, ta gaishe ni da Hausa, "Sannu da aiki." Rubutu ne, amma muryarka ce sak. Amma injin bai motsa ba. Na duba waya, na cire na mayar, na hura bakinta. Shiru.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Shiru.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi

Ya motsa.

Laifina ne. Umarnin da ka rubuta bai ƙare a ƙasan shafin ba, ya zarce bayansa, ni kuma ban juya ba. Ragowar ita ce ke ba kwantena izinin ganin wayar injin. Ashe tana kulle a akwatinta, ba ta san akwai teburi a gabanta ba. Na ƙara layin, na danna, sai motar hagu ta yi wannan kukan nata, bakin wutar ya tafi kusurwa ya tsaya kamar ɗan lekol a layi.

Inna ta shigo da muciya a hannu. Ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake." Sau biyar. Tuwon ya kama.

Allo ya rubuta wani abu: "Ban ga takardar gyara ba. Na sa 1." Na duba kayen. Ka rubuta cewa takardar gyara ba ta cikin kwantena, a kwamfutarka take, kada a ɗora ta sama, a gajimare. Ba ka faɗi abin da ke ciki ba. Tun da ta ce ta sa ɗaya, na ce ɗaya ai ba ya canja lissafi. Na wuce.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Falle uku suka rage a jikin bango. Yau na ƙona ɗaya. Na yi gaggawa, ban jira injin iska ya cika ba, wutar ta narka ƙarfen maimakon ta yanka. Tartsatsi ya huda mini hijabi wuri biyu. Gobe zan ɗaure shi ta baya, in sa rigar aikinka a sama. Baƙin tabaranka ya yi mini yawa, na ɗaure shi da zare.

Duk unguwa ta ji ƙarar. Baba yana soro. Bai shigo ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da la'asar

Yaya, na yanka rariya. Tsaga ɗari da tamanin, ramin noti takwas a gefe, babu wanda ya karkace. Minti talatin da biyar. Na auna da regil ɗina, ma'aunina na lekol, santimita sittin cif, kamar yadda zanen ya ce. Ni da Inna muka lanƙwasa ta a abin naɗin ƙarfen Baba, ita tana juya hannun, ni ina riƙe. Ta ce tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa taɓa shi ba, ashe bai fi dutsen niƙa wuya ba.

Na goge bakinta da magagari har ta daina yankan yatsa. Gobe direban Hamdara zai tafi da ita.

Ina ta zuwa ina kallonta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Kwanon ya dawo da rabi. Inna ta ce zafi ne.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Ya Falmata ta dawo da ita da kanta, a kan kabu-kabu daga tasha, tana rungume da ita kamar jariri. Ta haɗo da tsohuwar da ta tsage.

"'Yata, kyau kam ta yi kyau, har wata ta ce a rataye ta a ɗaki. Amma ba ta shiga ba. Noti biyu na farko sun kama, na uku da ƙyar, na ƙarshe kuwa ramin yana nan, notin yana can." Ta nuna da faɗin yatsa.

Baffa yana tsakar gida. Bai yi dariya ba, gara ma da ya yi. Ya ce, "Rahina, kin yi ƙoƙari, wallahi kin yi. Amma ki bar shi haka. Gidan nan ya ga abin da ya ishe shi. Ki koma kan karatunki."

Falle ɗaya ya rage. Kwana tara.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Ban je lekol ba. Na ce kaina ke ciwo. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na sake aunawa. Tawa sittin. Na ɗauko igiya na bi bayan tsohuwar, na shimfiɗa a kan regil: sittin da ɗaya da ɗigo biyu. Na ce ko aiki ne ya miƙar da ita. Sai na auna faɗi, wanda zane ya ce talatin: talatin da ɗigo shida. Tazarar noti, wadda zane ya ce ashirin: ashirin da ɗigo huɗu. Ƙarfe ba ya miƙewa daidai ta kowane ɓangare haka. Na raba kowanne da abin da zane ya ce. Duk ukun amsa ɗaya suka ba ni, 1,02, wato ɗaya da ɗigo sifili biyu.

Na zauna ina kallon bango. A nan sandar awon Baba take rataye, ta ƙarfe, mai zanen da aka sara da kurfi, wadda ba a yarda ko mu taɓa ba muna yara. Na sauko da ita. Na jera ta da regil ɗina.

Hamsin ɗin Baba, hamsin da ɗaya ce a lekol.

Yanzu na san abin da ke cikin takardar gyara, lamba ɗaya ce tak. Na kuma san dalilin da ya sa ka hana a ɗora ta sama. Zanen duka da lambobin Baba ka yi su, injin kuma da na lekol yake tafiya, sai ka ɓoye bambancin a inda ba wanda zai gani ya ce awon Malam Habu maƙeri ba daidai ba ne. Ko shi ba ka gaya wa ba.

Na mayar da sandar.

Juma'a, 24 ga Oktoba, kafin magariba

Zan iya rubuta lambar in yanka, ba wanda zai sani. Amma falle ɗaya ne, kuma tsohuwar rariyar ta lanƙwashe, igiya ba abin dogaro ba ce. Ina so in sake jera sandar da regil a hankali, zane bayan zane, da haske mai kyau. Gobe idan ya fita.

Asabar, 25 ga Oktoba, da la'asar

Bai fita ba. Ko ya fita ya dawo, ban sani ba. Ina durƙushe da sandar a ƙasa na ga inuwa a ƙofa.

"Wa ya ce ki taɓa wannan?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Me kike nema a jikinta?"

Na so in ce ba komai. Na sunkuyar da kai, na ce, "Ta fi ta lekol tsawo. Kashi biyu cikin ɗari." Ban san ko ya ji ba, don ni ma da ƙyar na ji.

Ya shigo. Karo na farko ke nan tun ranar da aka kama ka. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya karɓi sandar ya ɗora a cinya.

"Kin zaci ban sani ba?"

Na ɗaga kai na dube shi.

"Maigidana Mai Nasara ne ya sara ta, ina ɗan shekara sha huɗu. Da tef ɗin wani tela ya kwafa, tef ɗin kuwa ya sha ja har ya saki. Na gane tun kafin in auri uwarki. Amma a lokacin na riga na ƙera injuna sun fi talatin, daga Dogo har Gouna. Idan na canja awo, duk wanda ya zo neman gyara sai in ba shi abin da ba zai shiga ba. Sai na bar ta. Su ma ba regil suke ci ba, gyaɗa suke ɓara."

Ya nuna teburin da haɓa. "Shi wannan ai da awon Turawa yake aiki. Shi ya sa ban taɓa son shi ba. Na ce yaron nan ya je ya yi karatu, ya dawo ya gina abin da zai nuna wa duniya ubansa bai iya awo ba."

Na ce, "A'a, Baba." Na ɗauko kayen na nuna masa wurin. Ba ya karanta boko da sauri, na karanta masa. Na ce duk abin da injin ya yanka a shekara biyun nan, da awonsa ya yanka. Na ce kai ka koya masa sandar, ka ɓoye lambar a kwamfutarka kaɗai, ka hana a ɗora ta inda wani zai gani.

Yana ta shafa sandar da babban yatsa.

"Bai faɗa mini ba."

"Kai ma ba ka faɗa masa ba, Baba."

Wallahi ban san ni na faɗi haka ba. Na jira faɗa. Sai ya yi wani ɗan sauti ta hanci, ya ce, "Kawo regil ɗin naki. Ba a awo a ƙasa, ɗora a teburi. Kuma daga zanen farko ake farawa, ba daga bakin sanda ba, bakin ya ci."

Mun auna sau uku. 1,02.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Da safe Inna ta ɗaura kwanon a ɗankwali. Tana kai wa soro ta tarar da Baba a tsaye da hularsa ta Juma'a. Ya karɓi kwanon daga hannunta. Suka fita tare.

Sun dawo tare bayan azahar. Idonsa ja. Ya ce rana ce.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Na rubuta sabuwar takardar gyara, layi ɗaya, na nuna wa kwantena inda take. Allo ya ce, "Gyara: 1,02." Baba ne ya ɗora fallen ƙarshe, ya danne kusurwoyinsa, ya sa kunne a jikin injin iska ya ce, "Bai cika ba, jira." Na jira. Ya ce, "Yanzu."

Minti talatin da shida. Ya tsaya a bayana da nasa tabaran har aka gama. Da ta huce ya ɗora sandarsa a kai. Sittin, a kan zanen, ba gaba ba baya. Ya ɗora tsohuwar a sama ya leƙa ta ramukan noti, takwas ɗin duka haske yana wucewa.

Ya ce, "Hm." Ka san Baba. Ka san girman wannan a wajensa.

Shi ya lanƙwasa ta, Inna tana gefe tana gaya masa yana juyawa da sauri.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu

Ya Falmata ta kira wayar Inna. Ba ta yi sallama ba, ta kara wayar a jikin injin kawai, muka ji yana ɓara, da hayaniyar mata a baya. Sannan ta ce, "Ku ba ni mai ƙaramar muryar nan." Na karɓa. Ta ce, "Takwas ɗin duka sun shiga, ko guduma ba mu ɗauka ba. Faɗi wani abu da ƙarfi in ji." Na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Inna ta ce har maƙwabta sun ji.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Motar Alhaji Lawan ta zo da hantsi. Baffa ya cika alkawari, shi ya fita ya tare shi, yana ta ba da haƙuri. Alhaji ya ce shi fa ya taho da masu ɗauka tun daga kasuwa. Baba ya fito da rigar aiki ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba na sayarwa. Na yara ne, kuma yana aiki."

Alhaji ya ce, "Wa ke tuƙa shi?"

Baffa ya nuna ni. Na so ƙasa ta tsage. Alhaji ya dube ni, ya dubi hijabina mai huda biyu, ya ce yana da injin niƙa guda biyar da ba su da murfi, ko za a iya? Baba ya ce ya kawo ɗaya a auna. Bai ce da wace sanda ba.

Ban san yaushe ba, Yaya. Har yanzu ba wanda ya faɗi rana, ni kuma na daina tambaya. Amma injin yana nan a inda ka bar shi, Baba ya shafa wa sandunansa mai da hannunsa. Na yi wa kwantenar kwafi biyu, ɗaya a wajen Madam. Lambar kuwa ban ɗora ta sama ba.

Baba ya ce ranar Lahadi in shirya, za mu je wajenka mu uku. Ya ce minti goma ake bayarwa, kuma akwai mutane a tsaye, ba kowace magana ake yi ba. Na san halina, ina ganinka murya za ta gudu. Don haka na zaɓi tambaya ɗaya, ina ta maimaita ta a hanyar lekol. Akwai sabon zane da zan fara, ina da abubuwan da zan so in gaya maka, kuma saura shafi goma sha tara tsakanin rubutuna da naka. Ka yarda in ci gaba da rubutu a ciki? Idan ba za ka iya amsawa a gabansu ba, gyaɗa kai ya isa.